MySQL ko PostgreSQL: Ka Zaɓi Wanda Za Ka Iya Jinyarsa

Wani ƙanena a sana'a ya samu kwangilar rubuta manhajar wani kantin magani mai rassa uku. MySQL da PostgreSQL dukkansu rumbun bayanai ne, wato manhajar da ke ajiye bayanai a tebura ta fito da su idan an nema. Ya kira ni bayan isha'i: "Yaya, MySQL zan ɗora ko PostgreSQL? Wanne ya fi gudu?" Na ce masa ya ajiye maganar gudu. Kantin da zai tara layin ciniki dubu ɗari biyu ko uku a shekara, kowanne daga cikinsu zai ɗauke shi ko gezau. Tambayar da ta dace ita ce: ranar da mai kanti ya kira shi ƙarfe bakwai na safe yana cewa komai ya tsaya, ga mutane sun yi layi a ƙofa, wanne ne zai iya buɗe cikinsa ya gano ciwon? Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Don haka kwatancen nan na ranar lalacewa ne.

MySQL ya fito a 1995 daga wani kamfani na ƙasar Suwidin. Kamfanin Sun ya saye shi a 2008, Oracle kuma ya haɗiye Sun a 2010. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙire shi, Michael Widenius, ya ɓalle da reshensa a 2009 ya sa masa suna MariaDB. Wannan ya shafe ka, domin abin da XAMPP (kunshin manhajojin gwada shafin intanet a kwamfutarka) da yawancin masu ba da hayar saba (kwamfutar da manhaja ke zaune a kanta) suke kira MySQL a yau, idan ka leƙa, MariaDB ne. PostgreSQL kuwa daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya samo asali, a aikin da Michael Stonebraker ya fara a 1986, ya kuma ɗauki sunan da muka sani a 1996. Babu kamfani ɗaya da ya mallake shi. Dukkansu kyauta ne.

Halinsu ne ya bambanta. MySQL mai kawaici ne: ka miƙa masa abin da bai dace ba, ya karɓa ya gyara yadda ya ga dama, ya yi shiru. PostgreSQL ba ya kara: ya mayar maka da kayanka nan take ya faɗa maka laifinka.

Na taɓa gadon wata tsohuwar manhajar makaranta da wanda ya rubuta ta ya ajiye lambobin wayar iyaye a gurbin INT, wato gurbin lambar lissafi. Da aka zo tura saƙon komawa makaranta, sai aka tarar kusan kowane uba lambarsa 2147483647. Wannan ita ce lamba mafi girma da gurbin yake iya riƙewa. Lambar wayarmu, ko bayan sifirin farko ya faɗi, ta fi ta girma, sai MySQL ya datse ta zuwa iyakarsa bai ce uffan ba. Shekara biyu ana shigar da bayanai a haka, kuma babu umarnin da zai dawo da lambobin, sai da aka sake raba fom. PostgreSQL da tun layin farko zai ce "integer out of range" ya ƙi. Haka tsohon MySQL yake yi da ranar 30 ga Fabrairu, ya mayar da ita 0000-00-00, ko suna mai tsawo ya yanke masa wutsiya.

A yi masa adalci: tun daga siga ta 5.7 MySQL yana zuwa da tsauraran ƙa'idoji a kunne. Amma maɓalli ne da ake iya kashewa, kuma ana kashewa. WordPress da kansa yana sassauta su a duk haɗin da ya buɗe. Idan ka gaji rumbun MySQL, abu na farko ka rubuta SELECT @@sql_mode ka ga ko akwai STRICT_TRANS_TABLES a ciki.

Ƙofar shiga

Matsalar ranar farko ita ce an hana ka shiga, kuma kowanne da salon korarsa. A MySQL saƙon shi ne "Access denied for user", lamba 1045. Abin da ke rikita sabon shiga: a wurinsa suna kaɗai ba shi ne mutum ba, suna ne haɗe da inda ya fito. Asusun da aka buɗe wa localhost ba zai yi aiki daga wata kwamfuta ba ko da kalmar sirri daidai take. Sannan MySQL 8.0, wanda ya fito a 2018, ya canja hanyar tantance kalmar sirri zuwa caching_sha2_password, tsofaffin sigogin PHP kuma ba su san ta ba.

A PostgreSQL mai gadin fayil ne guda, pg_hba.conf. Ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa, layin farko da ya dace da kai shi ne hukunci, ba a duba na ƙasa. "Peer authentication failed" na nufin yana son sunanka na Linux ya zama ɗaya da sunanka na rumbun. Daga siga ta 15, ta 2022, asusu na gama-gari ba ya iya ƙirƙirar tebur a schema ɗin public, wato sashen da tebura ke shiga a asali, sai an ba shi izini, shi ya sa tsofaffin darussan intanet suke kai mutum ga "permission denied". A nan na fi son PostgreSQL, domin duk dokar tana wuri ɗaya, ka karanta ta cikin minti biyu. Amma ranar farko ya fi ba da haushi, wannan ba musu.

Ƙ, ɗ, ɓ da sauran 'yan uwansu

Wannan ce matsalar da ta fi shafar mu, kuma darussan Turawa ba sa damuwa da ita. Kafin siga ta 8.0, MySQL yana zuwa ne da tsarin haruffa latin1, da jeri irin na Suwidin. Babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ ta mutanen Nijar a cikinsa, babu alamar naira. Lalacewar iri biyu ce, kuma dole ka bambanta su kafin ka taɓa komai.

Idan ka buɗe phpMyAdmin, shafin leƙa cikin MySQL ta burauza, ka ga Ƙofar Mata ko ƙasa sun koma wani irin rubutun aljanu, ƙ ta zama Æ™, ɗ ta zama É—, to ka gode wa Allah. Bayanan suna nan lafiya, fassarar ce ta karkace: harafin ƙ bayit biyu ne, aka karanta kowanne a matsayin harafi mai zaman kansa. Sau da yawa ma manhajar tana nuna rubutun daidai, sai ranar ƙaura zuwa wata saba asiri ya tonu. Ana gyara wannan ta mayar da gurbin zuwa BLOB, wato ɗanyen bayit, tukuna, sannan a dawo da shi rubutu da utf8mb4. Kada ka juya shi kai tsaye, za ka daskarar da shirmen ne. Amma idan abin da ka gani alamar tambaya ce, ɗalibi ya zama ?alibi, harafin ya tafi ke nan. Sai gyaran hannu.

Akwai tarko na biyu. Abin da MySQL ya daɗe yana kira utf8 ba cikakke ba ne, bayit uku kawai yake ɗauka. Haruffanmu masu ƙugiya za su shiga, naira za ta shiga, amma ranar da wani ya liƙa 'yar fuskar dariya daga wayarsa sai "Incorrect string value". Cikakken shi ne utf8mb4, kuma sai ka saita shi a wuri uku: rumbun, teburin, da haɗin da manhaja take buɗewa. Na ukun ake mantawa.

PostgreSQL bai da wannan rikicin matuƙar an ƙirƙiri rumbun da UTF8. Ka duba da \l a psql, manhajar ba PostgreSQL umarni. Idan ka ga SQL_ASCII, wanda ke faruwa idan an girka shi a saba da ba a saita harshe ba, ka sake ƙirƙira tun babu kaya a ciki, domin ba a canja shi daga baya sai an kwashe an sake zubawa. Nasa abin mamakin daban ne: a wurinsa "musa" da "Musa" mutum biyu ne, alhali MySQL a saitinsa na asali yana ɗaukar su ɗaya. Wanda ya ƙaura zai ga bincike ya daina samo mutane, har sai ya koma amfani da ILIKE. Kuma tunda yawancin mutane ba sa rubuta ƙugiya a waya, ni a kowanne rumbu nakan ƙara gurbi na biyu da ke riƙe sunan ba ƙugiya ba manyan baƙaƙe, bincike ya riƙa bi ta nan.

Sa'adatu, Isma'il da Rabi'u kuwa, masu alamar ' a tsakiyar suna, ba laifin rumbu ba ne. Idan sunansu yana karya manhajarka da kuskuren nahawun SQL, kana liƙa rubutun mutane kai tsaye cikin umarni ne, kuma ƙofar da ɓarawo zai bi ke nan. Ka koma amfani da umarni mai gurabe, irin na PDO a PHP. Wannan ko wanne ka zaɓa.

An ɗauke wuta

Saba a ofis, janareta ya mutu, batirin UPS ya daɗe da gajiya. PostgreSQL da InnoDB, injin da MySQL ke ajiye tebura da shi, duk suna rubuta abin da za su yi a wani kundi kafin su taɓa ainihin bayanan, don haka idan wuta ta dawo sukan karanta kundin su miƙe da kansu. A nan kunnen doki ne. Bambancin shi ne MySQL yana da tsohon inji, MyISAM, wanda shi ne na asali kafin siga ta 5.5 ta 2010, kuma bai da wannan kariya. Shi ne mai saƙon "Table is marked as crashed". REPAIR TABLE yakan tashe shi, wani lokaci da asarar layuka. SHOW TABLE STATUS zai nuna maka injin kowane tebur. Duk wanda ka ga MyISAM, ka juya shi da ALTER TABLE zuwa InnoDB.

Masu XAMPP sun san jan rubutun nan, "MySQL shutdown unexpectedly". Shawarar da ke yawo ita ce ka goge ibdata1. Kada ka kuskura. A cikin wannan fayil InnoDB yake ajiye bayanin teburanka, ka goge shi su zama gawa. Ka kwafe jakar data gaba ɗaya zuwa wani wuri, ka karanta fayil ɗin kurakurai, domin sau da yawa wata manhaja ce kawai ta riga shi kama tashar 3306. Idan lalacewa ce ta gaske, akwai innodb_force_recovery daga 1 zuwa 6. Ka fara da 1, ka kwashe bayananka da zarar ya tashi. Daga 4 zuwa sama yana iya ƙara ɓarna. Kuma XAMPP na gwaji ne, bai kamata kanti ya dogara da shi ba, ko da yake na san ana yi.

Cunkoso da kulle

Ranar fitar da sakamakon jarrabawa kowa ya danno lokaci guda. MySQL yana karɓar haɗi 151 a saitin asali, PostgreSQL 100. Na farko ya ce "Too many connections", na biyu ya ce "sorry, too many clients already". A MySQL kowane haɗi zare ne mara nauyi, ƙara adadin zuwa 'yan ɗaruruwa ba ya cika yin illa. A PostgreSQL kowane haɗi shiri ne mai zaman kansa mai cin RAM, don haka maganin ba ƙara lamba ba ne, sai dai a sa PgBouncer a tsakiya ya riƙa raba haɗi kaɗan ga jama'a da yawa. Ƙarin abu ne da za ka girka ka kula da shi. Maki ɗaya ga MySQL.

Kulle kuwa ya fi wayo. Ma'aikaci a reshe ɗaya ya fara ciniki, intanet ta yanke, layin maganin ya zauna a kulle. InnoDB zai sa na bayansa jira daƙiƙa 50 sannan ya ce "Lock wait timeout exceeded". PostgreSQL a saitin asali ba shi da iyakar jira, zai tsaya har illa ma sha Allahu, manhaja ta daskare ba saƙon kuskure. Amma wajen kama mai laifi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Teburin pg_stat_activity zai nuna maka wanda yake "idle in transaction", pg_blocking_pids ya faɗa maka wa ya tare wa, pg_terminate_backend ya kore shi. A MySQL, SHOW PROCESSLIST zai nuna mai laifin yana Sleep kamar kowa, sai ka tono innodb_trx ko ka karanta dogon rahoton SHOW ENGINE INNODB STATUS kafin ka san wa za ka yi wa KILL. Idan ka zaɓi PostgreSQL, ka saita lock_timeout da idle_in_transaction_session_timeout tun ranar farko.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: a PostgreSQL kana iya sa canjin tsarin tebur cikin BEGIN, ka ga bai yi ba ka ce ROLLBACK, komai ya koma yadda yake. A MySQL, ALTER TABLE yana tabbatar da kansa nan take. Idan sabuntawa mai mataki goma ta karye a na shida, ka tsaya a tsakiyar kogi, sai ka warware da hannu. Duk wanda ya taɓa yin wannan da tsakar dare ya san darajarsa.

Faifai ya cika

A nan PostgreSQL yake da nasa laulayin. Idan ka sabunta layi, ba ya goge tsohon, sabo yake rubutawa ya bar gawar tsohon sai mai shara, autovacuum, ya zo. Mai sharar yana fitowa ne idan gawarwakin sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na teburin, wanda ya yi yawa ga babban tebur. Haɗi ɗaya da aka bari da aiki a buɗe yana iya hana shi shara kwana da kwanaki, tebur ya kumbura, komai ya yi nauyi. VACUUM FULL yana sace kumburin amma yana kulle teburin har ya gama. Kada ka taɓa kashe autovacuum don wai yana cin ƙarfi: lambobin da rumbun yake bin ayyuka da su suna da iyaka wajen biliyan 2, idan aka kusa kai wa ba shara zai daina karɓar rubutu. Jakar pg_wal, inda kundin nan na kariyar ɗauke wuta yake zama, ma tana cika. A da sunanta pg_xlog, aka canja a siga ta 10 saboda mutane suna ganin "log" su ɗauka shara ce su goge, su kashe rumbunsu.

MySQL 8.0 yana ajiye binlog, kundin canje-canjen da aka yi wa bayanai, na kwana 30, wanda ke iya cinye ƙaramar saba. Ana rage shi da PURGE BINARY LOGS, ba da gogewar hannu ba. Gaba ɗaya dai InnoDB ya fi haƙuri da wanda ba ya leƙa shi.

Maganar jinkiri gajeriya ce. Dukkansu suna zuwa da megabayit 128 kacal na ma'ajiyar wucin gadi, innodb_buffer_pool_size a ɗaya, shared_buffers a ɗayan, ko da sabarka tana da gigabayit 16. Ka ƙara. Bayan haka yawancin jinkiri rashin fihirisa ne, EXPLAIN zai nuna maka. Ka dai tuna InnoDB yana yi wa gurbin da ke nuni zuwa wani tebur fihirisa da kansa, PostgreSQL ba ya yi, sai ka yi da hannunka.

Kwafin ajiya

A ƙarshen Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab ya goge jakar rumbunsu na PostgreSQL bisa kuskure, kusan gigabayit 300. Da suka juya ga kwafin ajiya sai suka tarar pg_dump ɗinsu, umarnin ɗaukar kwafin, ya daɗe ba ya aiki, saboda sigarsa 9.2 ce rumbun kuma 9.6. Sun yi asarar bayanan kusan awa shida. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Kwafin da ba ka taɓa gwada dawo da shi ba, ba ka san abin da ke ciki ba.

pg_dump ba ya ɗauko asusun masu amfani, sai ka haɗa da pg_dumpall --globals-only. Bayan ka zuba bayanai da hannu kuma, ma'ƙirgin lambobi yakan tsaya a baya ya riƙa cewa "duplicate key", sai ka tura shi gaba da setval. A MySQL ka riƙa sa --single-transaction don kada mysqldump ya kulle tebura ana tsaka da ciniki. Idan ka kwaso daga MySQL 8 za ka zuba a tsohon MariaDB na mai haya, "Unknown collation: utf8mb4_0900_ai_ci" na jiranka, sai ka musanya sunan a cikin fayil ɗin da utf8mb4_unicode_ci. Babban fayil kuma ta phpMyAdmin yakan maƙale, ko ya ƙare da "server has gone away" saboda max_allowed_packet ya yi ƙanƙanta. Hawa sabuwar babbar siga ya fi wahala a PostgreSQL: kowace shekara akwai sabuwa, ana kula da kowace shekara biyar, kuma sai da pg_upgrade ko kwashewa da sake zubawa. Wanda ke kan MySQL 5.7 kuma ya sani an daina yi masa gyara tun Oktoban 2023.

To, wanne?

Sau da yawa ma an riga an zaɓa maka. WordPress da OpenMRS na gidan MySQL ne. Odoo da DHIS2, wanda ake tattara bayanan lafiya da shi a Najeriya, PostgreSQL suke so. Aikin taswira, filaye ko rijiyoyi ko unguwanni, PostGIS ne, wato PostgreSQL. Moodle yana tafiya da kowanne.

Idan gidan haya kake, wato ƙaramar hayar saba da kuke rabawa da wasu, mai shafin sarrafawa na cPanel, da ake biya shekara-shekara, ka ɗauki MySQL ko MariaDB ba tare da jin kunya ba. Shi mai gidan ya sani, shi za ka samu wanda zai karɓe ka idan ka yi tafiya, domin kusan duk wanda ya koyi PHP a nan da shi ya fara. Sai dai ka ɗaure shi tun farko: InnoDB, utf8mb4 a wurare ukun nan, tsauraran ƙa'idoji a kunne.

Idan kana da sabarka, kana iya shiga ta SSH ka ba ta umarni daga nesa, kuma bayanan na kuɗi ne ko magani ko sakamakon ɗalibai, inda lamba ɗaya da ta karkace a ɓoye ta fi tsayawar awa guda muni, ni PostgreSQL nake ɗauka. Kuɗinsa shi ne sai ka koyi shararsa, ka girka PgBouncer, ka ware rana guda duk bayan 'yan shekaru don hawa siga.

Ƙanen nawa na tambaye shi abu biyu: ina manhajar za ta zauna, kuma wa zai riƙe ta idan ya tafi bautar ƙasa? Ya ce mai kantin ya riga ya biya hayar cPanel ta shekara biyu, wanda zai gaje shi kuma phpMyAdmin kaɗai ya sani. Na ce ya ɗora MariaDB ɗin da ke wurin. Washegari ya turo mini tsarin teburansa in duba. Farashi yana FLOAT, mai ajiye lamba da kimantawa, lambar waya tana INT. Na ce ya mayar da na farko DECIMAL, mai riƙe lamba daidai, na biyu VARCHAR, gurbin rubutu, sannan ya shigar da suna Ɗanladi Sa'idu a matsayin abokin ciniki na farko ya turo mini hoton abin da ya fito.